Tabon da Husufi Ya Bari a Idona

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randar da na sha na kasa ƙoshi.

Kin ga har yanzu bakina bai daina kiranki sanyin ido ba, ni da idon ya ƙone a hannunki!

Kin tuna ranar husufi a saman rufin ɗakin bincikenmu? Aikin a rabe yake. Idan wata ya rufe rana, ni zan cire baƙin gilashi daga madubin hangen nesa in kalli farin kambin da ke kewaye da ita, ke kuma ki riƙe agogo, ki ce mini "Rufe!" kafin haske ya dawo. Na miƙa miki idona kamar yadda ake miƙa jariri. Sai wani harshen wuta ya taso daga gefen rana, ya lanƙwashe bisa layin maganaɗisunta, irin wanda kika yi shekaru kina farauta. Kika saki agogo, kika rungumi kyamara. Ban ji "Rufe!" ba, masoyiyata. Har yau ina sauraro.

Hoton ya yi kyau, in ji mutane. An rataye shi a bakin ofis, sunanki a ƙasa. Ni fa sai dai a ba ni labari, don likita ya ce tabon da ke tsakiyar idona na dama ya zauna ke nan, na hagun kuwa kin san tun ina yaro bai cika aiki ba. Duk abin da na kalla, tsakiyarsa baƙi ne. Ina ganin ɗankwalinki da 'yan kunnenki a hotonki da ke wurina, fuskar babu.

Yanzu yayanki ya zo yana sosa ƙeya, wai an ba ki aiki a wata babbar cibiyar bincike a wani gari, wai kunya ce ta hana ki zuwa sallama. Kunya! Wa ya ce ki biya ni ido? Na kai ki ƙara ne? Wayyo, ciwon ido sai haƙuri, amma shirunki ya fi tabon zafi. Ina fushi da ke, ina kuma sonki, na rasa wanda zan ajiye.

Kafin ki hau mota, ki zo. Kada ki tsaya a gabana, ba zan gan ki ba. Ki tsaya a gefena, nan ne kaɗai ganina ya rage.

Naki, da ido ko babu, har a rufe shi gaba ɗaya.