Rashin Dakta Cire-Takalmi

Cikin alhinin da ya sanyaya mana jiki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Larurar Fata take sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, babban likita, ƙwararren masanin cututtukan fata kuma malamin likitoci, wanda babba da yaro suka fi sani da Dakta Cire-Takalmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A yi wa tsoho mai wannan rubutu uzuri ya ɗan ratse. Tun bara mai gadin asibiti ya raɗa mini wata magana, wai Likita yana ɗingishi idan ya ga ba mai kallonsa, wai akwai wani baƙin tabo a tafin ƙafarsa da ya ƙi tafiya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ya nemi wani ya sayar masa, ni da tatsuniya aka raine ni, na san ƙirarta tun daga nesa. Mutumin da ya tsufa yana leƙen ƙafafun jama'a, a ce tasa ƙafar ce ta ɓoye masa abu? Daga baya wata nas ta maimaita mini da murya ƙasa-ƙasa, nan ma na ce tsegumin ma'aikata ne.

Marigayin ya fara aiki ne a wani ƙaramin asibiti mai ɗakin jira ɗaya da benci biyu, inda ya lura cewa mai ƙazwa da mai makero su ne kullum a ƙarshen layi, don ba mai son zama kusa da su, kuma ana ganin ƙaiƙayi ba ya kisa. Wannan ne ya sa ya koma karatu ya ƙware a fannin fata, a lokacin da abokan karatunsa suke rububin zama likitocin zuciya da na tiyata suna tsokanarsa da likitan susa. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Yakan ce wanda bai taɓa kwana yana susa ba, bai san daɗin barci ba. Ya shugabanci sashen fata na babban asibiti tsawon shekaru, ya yaye ɗalibai masu yawa, kuma da ya ajiye aiki bai ajiye mu ba: kowane mako yakan zo ɗakin taron ƙungiya ya ja kujera bakin babbar taga, domin bai yarda da hasken ƙwan lantarki ba wajen duba fata.

Duk wanda ya zauna a gabansa ya san ƙa'ida. Za ka zo da dukan abin da kake shafawa a cikin leda, sabulu da mai da hoda, har da wanda maƙwabciya ta ba ka ta ce sha yanzu magani yanzu ne. Ya juye su a tebur yana karanta bayansu ɗaya bayan ɗaya, mayukan bilicin kuma ba sa komawa gida. Sannan, ko ƙurajen fuska ne suka kawo ka, ko ƙyasfi, ko amosanin kai, sai ka cire takalmi. Wani mai muƙami ya taɓa hasala ya ce, “Likita, a goshi abin yake fa!” Ya amsa masa, “Na gani, ranka ya daɗe, goshin ba zai gudu ba. Miƙo ƙafar.” Dalilinsa shi ne, a jikin baƙar fata sankarar fata takan laɓe a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, inda mai ita ba ya dubawa. Akwai 'yan ƙungiya da suke raye yau suna aurar da 'ya'ya saboda wannan naci nasa. Abin da zai daɗe yana ci mana rai shi ne, a duk cikinmu ba a samu mai ƙarfin halin da ya ce masa, Likita, kai ma cire naka ba.

Ƙungiya tana baƙin cikin jin cewa tun ba a tashi daga zaman makoki ba wata sabuwar magana ta fito, wai a ƙafafun marasa lafiya ya ɗauki sankarar fatar da ta yi ajalinsa, har ana nuna 'yar'uwarmu mai kitso, wadda take da farin tabo a hannu da ƙafa, don kawai ita ce ta ƙarshe da ya duba a bakin tagar nan. Baiwar Allah tana riƙe da marayu da wannan sana'a, ga shi yanzu tana wuni a shago ita da matajinta, matan da ta yi wa kitson aurensu suna sauya hanya. Muna shaida wa jama'a da babbar murya cewa farin tabo ba a ɗaukarsa, sankara ma ba a ɗaukarta. Wanda ya riƙe wannan ƙafa da hannunsa tsirara shekara da shekaru, da ya san za a jefi mai ita da sunansa, da ya fi kowa jin ciwo.

A madadin Shugaba, da kwamitin amintattu, da dattawa da iyaye mata na ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, uwarmu Hajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ɗalibansa da abokan aikinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya mana jiki daga ƙaiƙayi, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Sauran maganar mai gadi. Ana saura kwanaki kaɗan ya cika na je duba shi, na tarar da Hajiya tana gyara masa matashi. Ya ce, “Baba Kakaki, matso, yau kai ne likita.” Ya sa ta zare masa safa. Tabon yana nan, baƙi wuluk, ya ci rabin dunduniya. Ya ce da farko ya ɗauka taka wani abu ya yi, kullum yana cewa sai ya sallami layi zai duba, layi kuwa bai taɓa ƙarewa ba. Ya ce, “Ba wanda ya shafa mini. Na san bakin mutane, idan sun fara ka faɗa musu haka, kuma kowa ya cire takalminsa ya duba.”

To, ga shi na faɗa. Masu sauya hanya su koma wa mai kitso, domin wannan magana ba a bakin mai gadi ta tsaya ba, ba kuma a bakin nas ba. Wanda ya gaya mini ita a ƙarshe shi ne Likita da kansa.

Sa hannu:
Baba Kakaki,
Mai magana da yawun Ƙungiyar Masu Larurar Fata,
a madadin Shugaba da kwamitin amintattu.