Maƙera Biyar na Yaya Bashir

Zuwa ga yayana Bashir, a duk ƙasar da wannan saƙo ya riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka idan Allah Ya ba ka su. Ƙanwarka Safiya ce daga Madina. Ban san inda kake ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani da ya san ka zai gani ya isar.

Ka tuna shekarar da Baba ya fara aikenka Jidda saro wa shagonmu carbi da darduma? Ka dawo da kaset a ƙasan kwali. A jikinsa hoton Turawa biyar, gashi har kafaɗa, riguna na baƙar fata. Ka kunna rikoda a ɗakinka na kan bene, na toshe kunnuwana. Umma ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Wane maƙeri ne ya tare mana a sama?" Tun daga ranar sunansu ya zama Maƙera.

Kai ka koya mini su ɗaya bayan ɗaya. Mai Kuwwa, mawaƙin da muryarsa ke hawa kamar ba za ta sauko ba. Tagwaye, masu jita biyu da ba su haɗa ko kaka ba amma hannunsu ɗaya. Dogo mai jitar gurnani. Sai mai ganga, wanda ka ce shi ne ainihin maƙerin. Ka ce ƙungiyar ta daɗe wannan na shiga wancan na fita, sai da waɗannan biyar suka haɗu miya ta yi daɗi.

Shekarun nan na farkon alif ɗari tara da tamanin kuwa nasu ne. Duk zuwanka Jidda sai ka ce sabon kaset ɗinsu ba ya kwana a shago. Ka kawo mujalla mai hoton filin wasa cike da mutane, iya ganinka kawuna. Na ce kamar Arfa. Ka ɗalle mini baki, ka ce in yi istigfari, kana dariya.

Ba ka taɓa kunna su kusa da lokacin salla ba. Kana cewa a garin Manzo ba a ɗaga murya. Sai bayan la'asar ka ɗauke ni a motar shago zuwa gonakin dabino na Ƙuba, ka rufe gilasai, ka saki sauti har kujera tana rawa. Ba ma jin Turancinsu. Na tambaye ka me kake so a cikin wannan hayaniya. Ka ce a makaranta Larabawa na kiranka Takari, baƙo, a gida kuma Baba na cewa ka zama Balarabe. "Waɗannan ne ke yi mini ihun da ba zan iya yi ba."

Lokacin ban gane ba, Yaya. Yanzu na gane.

Da ka ce za ka kama aiki a jirgin ruwa ka bar ƙasar, Baba ya ce wanda kakansa ya tako daga Kano da ƙafa don ya mutu a Madina ba ya barinta saboda kiɗa. Ka ce ba don kiɗa ba ne. Bayan aikin hajji ka tafi, ka bar mini rikoda da kaset-kaset ɗin.

Kiranka na ƙarshe a wayar maƙwabta ne. Ka ce Mai Kuwwa ya fice, sun ɗauki wani. "Ba su ba ne, Safiya, suna ne kawai ya rage." Ka tambayi Baba, na ce yana Harami. Ka ce za ka sake kira. Ba ka kira ba.

Na riƙa kunna su ƙasa-ƙasa ina girki, don gidan ya yi shiru da yawa. Wata rana Umma ta shigo da shayinta mai na'ana'a, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ƙaro mini maƙeran nan." Ta saurara har kaset ya ƙare, ba ta kurɓi shayin ba.

Baba da Umma su biyun suna maƙabartar Baƙi'a yanzu. Akwai abin da ya kamata ka sani, kuma saboda shi na rubuta. A ciwonsa na ƙarshe Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Ki gaya wa Bashir na yafe, shi ma ya yafe mini." Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan saƙo, ya yi mini nauyi.

Kwanan baya ɗana Majid ya nuna mini a wayarsa cewa mutum biyar ɗin nan sun sake haɗuwa, su da aka ce ba sa ga maciji. Furfura ta cinye su. Na lissafa masa su da sunayen da muka sa musu, ya saki baki, ya tambaye ni da Larabci ina na san su. Na buɗe baki zan ba shi labari, sai na ga babu wanda zai yi dariyar tare da ni.

Idan ka dawo, kada ka nemi gidanmu. Aikin faɗaɗa masallaci ya haɗa da unguwar, inda ɗakinka yake yanzu alhazai ne ke sahu. Ina unguwar Aƙiƙ. Ka tambayi tsofaffin Hausawa, za su kawo ka har ƙofa, kuma ba zan tambaye ka komai ba.

Allah Ya tsare ka a tudu da ruwa. Idan kana raye, Ya karkato da zuciyarka gida. Idan ka riga mu, Ya haskaka makwancinka, Ya isar maka da saƙon Baba.

Ƙanwarka mai jira,
Safiya