Ranar da Na Kira Sunanki

McLeansville, Greensboro
14 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin yi Sallah lafiya. Ya ƙafar taki, tana dai barinki fita tsakar gida? Ya zafin Malumfashi? Mu nan lafiya lau, Baban Ummi yana gaishe ki, ƙaninta Safwan ma ya fara tsayawa. Hanifa, ke autarmu da za ki karanta wa Inna wannan takarda, na haɗa ki da Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya. Na san halinki na gyara magana.

Inna, takarda na rubuto don a waya ba na iya ce miki komai sai to. Ranar Sallah kin ce tunda Hajiya Daso ta nan garin za ta je gida a watan Agusta, in haɗo ta da takwararki Ummi, ta zauna wurinki a nema mata magani. Na ce to. Wallahi bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta faɗa ba.

Na san labarin da aka kawo miki. An ce yarinya shekara bakwai ba ta magana, ba ta kallon idon mutane, ni kuma maimakon in nemi tofi da rubutu sai yawon daji nake da ita a bakin ruwa, matattarar iskoki. To, yawon gaskiya ne, ba zan musa ba. Duk Asabar da safe sai in goya Safwan da zane, in zura takalmin gudu a ƙarƙashin atamfa, mu tafi tafkin Townsend. Da kin gan ni a wannan shiga sai kin yi dariya har hawaye. Hanyar ƙafa ce a cikin itatuwa, tsofaffi da sandunansu suna bi, masu jarirai ma suna bi.

A gida ƙarar injin wanki kaɗai ta isa ta sa Ummi toshe kunne tana buga kai a bango. A can kuwa sai ta yi awa biyu tana tafe a gabana, ba kuka ba duka. Ta tsaya ta kalli kunkuru yana shan hantsi a kan gungume, ta tsinci ganye, mu dawo ta yi barci kamar kowane yaro. Aljani dai ban gani ba, Inna. Kaska na gani, guda biyu, na kuwa cire su.

Likitoci a nan suna kiran abin otizim. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Ki yi haƙuri ki janye maganar Agusta.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

'Yarki,
Sa'ida

McLeansville, Greensboro
9 ga Yuni, 2024

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina fatan damina ta sauka da alheri. Ya ƙafa? Kina shafa man da na aiko?

Na saurari saƙon muryarki sau uku. Kin ce tun yaushe uwa take buɗe baki a kan 'yar fari, kin ce Amurka ta cire mini kunya. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Shekara bakwai ina yin kunyar nan yadda kika koya mini. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ga shi sunanki ne, ga ta 'yar fari. A gaban mutane ko ɗaukarta ba na yi. Malamarsu a makaranta har ta tambaye ni dalilin da ba na kiranta da sunan da ke takarda, don wai shi kaɗai take juyowa idan ta ji, da shi suka horar da ita. Ummi da muke ce mata a gida kamar da bango ake yi. Na yi wa matar bayanin al'adarmu, ta yi ta gyaɗa kai, na san ba ta gane ba.

Makon jiya mun je suna a unguwar Sedgefield. Hajiya Daso ta zaunar da ni a gaban mata, ta ce ita ta riga ta yi miki alkawari, ta ce in daina kai yarinya ruwa kafin a ƙarasa ɗauke mata hankali. Na cinye shinkafata tsaf, na yi mata godiya, washegari da sassafe muka tafi tafkin Brandt. Mil huɗu muka yi.

Baban Ummi kuwa ya ba ni haushi. Ya je ya sabunta fasfonta ya sa a jakarsa. Da na tsare shi sai ya ce shi ma ba ya so, amma da wane ido zai dubi surukarsa ya ce a'a? Kin gani ko? Shi yana jin kunyarki, ni ina jin kunyarki, ita kuma yarinyar da ba ta da bakin cewa komai ita za a ɗora a jirgi.

Inna, zan faɗi abin da ba a faɗa a gidanmu. Na tuna Yaya Ubale. Shi ma a kan yatsun ƙafa yake tafiya, shi ma yana toshe kunne. Na tuna ɗakin baya, da hayaƙin da ake masa, da igiyar. Ba na ɗora miki laifi, abin da aka sani ke nan a lokacin, kuma na ga kukan da kika yi ranar da ya rasu. Amma ni yanzu na san wani abu daban, ba kuma zan yi kamar ban sani ba.

Wata mai zuwa za mu je bakin teku, inda aka ce akwai tuddan yashi. Wanda zai kai miki rahoto ya kai, na riga shi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki mai taurin kai,
Sa'ida

McLeansville, Greensboro
21 ga Yuli, 2024

Innata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya da uwa. Ya jiki, ya ruwa, ya shuka? Wata guda ke nan kin daina ɗaukar wayata. Ba komai, takarda ba ta jin fushi.

Mun je mun dawo. Tafiyar kusan awa biyar ce a mota zuwa wani wuri da ake kira Jockey's Ridge. Inna, tudun yashi ne zalla, ya fi bene tsawo, teku a gabas, wani makeken ruwa a yamma. Iyalai cike da wurin, yara suna gangarowa suna ihu. Ummi ta cire takalmi ta tsunduma ƙafa a yashi, ta yi wata dariya da ban taɓa ji ba. Babanta ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

Da muka kai ƙololuwa sai goyon Safwan ya sassauta. Na sunkuya in gyara, babanta kuma yana zazzage yashi daga takalmi. Wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba. Na ɗago, babu Ummi. Can na hango ta a gangaren yamma tana gudu, ta miƙe sak wajen ruwa, ga shi ba ta iya iyo ba, ba ta kuma san tsoro ba. Babanta ya bi ta, yashi yana riƙe masa ƙafa, yana ta kiran Ummi, Ummi. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ni ma na kira Ummi har sau biyu. Ina kallon ruwan yana matsowa, bakina kuma yana ta kewaye sunan nan, har a wannan lokacin kunya ba ta sake ni ba.

Sai na buɗe maƙogwaro gaba ɗaya na ce Aminatu.

Ta tsaya cak, ƙafarta a jiƙaƙƙen yashi. Ta juyo ta nemi inda muryar ta fito, ta kalle ni. A ido, Inna. Na durƙusa a kan tudun nan da goyo a baya na yi ta kuka, mutane suna kallo, ban damu ba. Babanta ya ɗauko ta, na rungume ta a gaban kowa, na yi ta maimaita sunan a kunnenta.

Ba ta yi magana ba, kada a ce miki an yi wani abin al'ajabi. Yadda take haka take. Amma da muka iso gida babanta ya buɗe jakarsa ya ciro fasfon ya miƙo mini. Yana cikin akwatina yanzu, makullin kuma yana wuyana.

Ki yafe mini, na kira sunanki da ƙarfi a bainar jama'a. Na kuma kira yau da safe da zan ba ta koko, gobe ma zan kira. In Hajiya Daso ta tashi tahowa a Agusta, zan aiko ta da man ƙafa, amma ba da 'yata ba. In kina son takwararki, ki zo ki gan ta. Hanyar tafkin Townsend akwai inda ba tudu, ƙafarki za ta iya, in kin gaji mu zauna mu kalli kunkuru.

Hanifa, na san a nan za ki so ki yi tari ki wuce, don ke ma sunan ya fi ƙarfin bakinki. Kada ki kuskura, karanta mata yadda na rubuta. Aminatu tana nan lafiya. Aminatu tana wurin uwarta.

Wassalam, 'yarki har kullum,
Sa'ida