Agogon Tsohuwar Kasuwa

Talata, 9 ga Maris, Kalifoniya

Ƙanwata Casilda,

Ina gaishe ki, da 'ya'yanki da jikoki. Yau ƙafafuna sun ɗan kumbura, amma kada ki damu, ina cin abinci.

Za a rushe kasuwar da na shekara talatin ina shara a cikinta. Kin ga hotonta: shaguna a jere, babu rufi a farfajiya, ga itatuwan lemo, ga agogo a tsakiya. A da ni nake kula da shi. Kullum nakan mayar da shi baya da minti biyar, don kada mai shagon takalma ya kama ma'aikaciyarsa, marigayiya Amparo, da latti. Takan wuce ta ce, "Eusebio, ɓarawon lokaci, Allah na ganinka!" A haka na aure ta.

Agogon ya daɗe da tsayawa, amma ina jin bugunsa daga ɗakina, a makare, sai in dubi ƙofa.

Ki kunna mata kyandir a coci. Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Eusebio

Ƙarin bayani: Shugaban masu rusau ya yi alkawarin kawo mini agogon yau. Na share masa wuri a kan tebur tun safe. Bai zo ba.