Kwalbar da Ayinde Zai Zuba

Ni Adewale, mai kantin giya a Sabon Garin Funtua, na rubuta wannan a watan Nuwamba 1965, hankalina garau. Ƙafafu ne suka kumbura, kai da harshe lafiya lau. Na rubuta da Hausa saboda ku biyun, Ayinde da Folake, a nan aka yanke muku cibiya, Yarbancinku ko cinikin barkono ba zai yi ba. Shaidata Malam Maiwada ne, maƙwabcina, wanda ko a inuwar kantina ba ya zama amma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

1. Gonar auduga ta hanyar Malumfashi ta Ayinde ce. Gida na ku biyu ne, kada a sayar.

2. Kanti da lasin na Folake ne. Na san za a ce na tsallake babba, kuma namiji. Ga dalilina.

Shekarar da aka haife ka, Ayinde, wani Baturen injin gurzar auduga zai koma gida, ya bar mini kwalbar wiski ta ƙasarsu, haɗin da ya shekara goma sha biyu a ganga. Na ajiye ta a akwatina, na gaya muku ita za a zuba a kabarina yadda ake yi a garinmu.

Kai na koya wa sana'ar. Hanci tukuna, kafin baki. A ɗiga ruwa kaɗan, a jira. Na ƙwarai yana tashi da ƙanshin hayaƙi da zuma da tsohon itace, ya zauna a harshe, ya gangara a hankali da ɗumi. Har na nuna maka yadda macuta ke ɗaga hatimin kwalba da tururin buta, don ka riƙa kama su.

Makon jiya likita ya daina kallon idona in yana magana, sai na ce bari in kurɓi nawa sau ɗaya tun ina da rai. Na buɗe. Tun daga hanci na gane ba wiskina ba ne. Ogogoro ne, barasar gida mai arha, an rina shi da ganyen shayi, ya ƙona mini maƙogwaro kamar kananzir. Hatimin kuwa an mayar da shi tsaf, aikin wanda na koya wa. Mabuɗin akwatin nan biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a hannunka. Ka yi lissafin ƙasa ce za ta sha, ƙasa kuma ba ta da harshe. Ban taɓa jin zafin abu kamar wannan ba, ko ranar da mahaifiyarku ta rasu.

3. Ku je Zariya wurin kawunku Raufu, ƙanena, mai aiko mana da kaya ta jirgin ƙasa. Lokacin da akawuna suka fara cewa wiskin kantin Adewale ya lalace, Ayinde ya rantse mini daga Zariya jabun ke zuwa. Shekara biyu ke nan ba ma gaisawa da ɗan'uwana, ashe jabun a gidana ake haɗa shi. Folake, ki karanta masa takardar nan, ki roƙe shi ya zo jana'izata.

4. Folake, duk kwalbar da ta shigo ki duba hatiminta da kanki. Idan kina shakka, ki zubar. Sunan kantin ya fi kayan cikinsa tsada.

5. Kwalbar tana nan, na mayar da murfinta. Ita ɗin za a zuba mini, kada a sayo wata. Ayinde ne zai zuba. Amma kafin nan, a gaban Raufu da Folake, zai shinshina, ya ɗiga ruwa, ya kurɓa, ya faɗi abin da ke ciki da babbar murya, yadda na koya masa. Daga ranar kada wanda ya sake tayar da zancen, ko a faɗa ko a wasa.

Ban tsine maka ba, Ayinde, kuma ba zan yi ba. Folake, yayanki ne, kada ki rufe masa ƙofa, in ban da ta ɗakin ajiyar kaya. Ku ci Kirsimeti a tabarma ɗaya, ku riƙe Malam Maiwada uba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku.

Abin da ɗana ya tanadar mini ke nan, shi zan tafi da shi.