Kindirmon da Na Zuba a Rijiya

Zuwa ga ɗana Hamadu, a ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda ka faɗa. Malam Buba ne ke rubutawa a gindin darbejiyar gidan waya, ni nake magana. Mutane sun kewaye mu suna saurare. Su saurara, ai duk Garwa ta riga ta ji.

Takardarka ta iso. Mutum uku na sa suka karanta mini, don ban yarda da karatun mutum ɗaya ba. Duk bakinsu ɗaya: ka ƙara shekara biyu a karatu. Wai rijiyar man fetur in ta ƙafe ba ƙarewa ta yi ba, man ne ya maƙale cikin dutse. Wai akwai halittun da ido ba ya gani, irin masu mai da madara kindirmo, a tura su ƙasa da abin zaƙi, su ci su hayayyafa, su kwance man ya taso. Wannan ne ya fi maka ubanka.

Kullum rediyo na cewa an samu mai a tekun kudu, shugaban ƙasa kuma ɗan garin nan ne, amma ko ɗigo ban gani a fitilata ba.

Ka tuna rijiyar gidanmu? Shekarar da aka haife ka na haƙa ta. Da ka girma, duk bazara kai ke shiga yasa, igiya a ƙugunka, ni riƙe da ita a sama. Tun da ka tafi, damina shida, ƙafar kowa ba ta taɓa gindinta ba. Masu yasa sun zo daga Kayele, na kore su. Yayarka Hauwa ta ce in koma wurinta a Ngong, wai taurin kaina ya fi dutsen Tingilin. Na ce gawata ce za ta bar gidan nan.

Bana ruwan ya koma na alwala kawai.

To ran Litinin da hantsi, mata sun tafi suna, na sayi ƙwaryar kindirmo wurin Bororo, na dama mazarƙwaila biyu a ciki, na juye a rijiyar, na rufe da tabarma. Na ce abin da ya iya mai, mai nauyi, ruwa ba zai gagare shi ba.

Kwana uku wari ya tashi har masallaci. Ɗan ruwan da ya rage ya mutu. Yanzu gidan Alhaji Sali ake ɗebo mana, mutumin da na shekara tara ban gaishe shi ba saboda katangar da ya ci mini. In na wuce sai ya ɗaga murya, wai Injiniya, yaya aiki?

Laifinka ne. Malam Buba, rubuta, laifinsa ne. Ko zama ba na iya yi. In leƙa rijiya, in fito zaure, in koma in leƙa.

Amma tunda an fara, a ƙarasa. Ban zuba don ruwa kaɗai ba. Na so ya taso ne in aiko maka cewa ilminka ya yi aiki a gidan ubanka. Wata zuciyar kuma ta so ya taso don kada in buƙace ka. Marigayiya uwarka takan ce ni tunkuza ne, sai an matsa ni nake ba da mai.

Ranar tafiyarka a tashar mota ka durƙusa, ka miƙo hannu biyu, na kau da kai ina kallon buhunan auduga. Ka jira har direba ya yi tsawa. Ban sa maka albarka ba. Ka san da haka, ba ka taɓa faɗa a takarda ba.

Hamadu, hannuna ya fara rawa. Bana zan iya riƙe igiya. Baɗi, Allah masani. Ban ce ka bar karatu ba. Bazara ɗaya ka zo, ka shiga, in riƙe ka, sannan ka koma wurin halittunka.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, ga abin da na hana ka: Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa abin da kake nema a ƙarƙashin ƙasa ya taso maka. Allah ya haɗa fuskokinmu ina tsaye da ƙafata. Amin.

Ni ne ubanka,
Garba mai rijiya, Garwa.