Ƙaryar da Na Rubuta a Kan Mame

Noboru da Sayo, ƙannena, yayarku Chizuru ce. Tarin nan ya cinye ƙirjina, amma hankalina ƙalau yake. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: shekara biyu ina rubuta wa Farfesa Kuwabara, mai binciken birai, ƙarya.

Kun san da yake kullum ina bin jirgin Baba zuwa tsibiri in watsa wa birai dankali, Farfesa ya ba ni littafi in riƙa rubuta wane biri ya bi wace mace. Kowa Tetsu yake kallo, shugaban garken. Ni kuwa na ga matan suna sulalewa bayan duwatsu wurin Mame, gurgun birin nan da ko ɓawo sai an rage masa. Ranar da na fara faɗa, ɗalibansa suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, “Chizuru, ke me ya kai ki bayan duwatsu?” Daga ranar, duk abin da Mame ya yi, sunan Tetsu nake sawa.

Jiya Baba yana ɓare mini lemo ya ce ranar Asabar za a kai Mame birni a gwada magani a jikinsa, wai littafi ya nuna ba shi da ɗa ko ɗaya. Littafina!

1. Noboru, takalman ruwana naka ne. Ka cusa tsumma a ciki, sun yi maka yawa.

2. Sayo, ki ɗauki mataji da fensirorina. In an yi miki dariya, ki sake faɗin abin da kika gani. Ni ban iya ba.

3. Noboru, ka daina warce kifin Sayo kana cewa kai ne Tetsu. Ku shirya yau.

4. Wataƙila Farfesa ya yi fushi ya daina hayar jirgin Baba. In haka ta faru, ni na jawo, kada ku bar Baba ya ci abinci shi kaɗai.

Kakanninmu su tsare ku, su raya ku. Ku riƙe juna, ku riƙe Inna.

Duk inda na yi ƙarya a littafin, na ɗiga ɗigo a gefe. Goma sha ɗaya ne. Da safen nan na ba nas wasiƙa ta kai wa Farfesa, na ce ya ƙirga ɗigon, duk na Mame ne. Na sa sunana a ƙasa.